Kula Mai Kai Gulma

Da sunan Allah nake ci gaba. Wannan babi na Mairo ne, wadda kuke kira Iya Mairo lokacin da kuke ƙanana kuna wawason ƙosanta, kuka koma kiranta "matar nan ta bayan gida" da kuka girma kuka yi wayo. Na san abin da kuke faɗa a kanta, don gwiwata ce ta mutu, kunnena yana nan garau. Kun ce ta ci amanata. To ku zauna ku karanta, kada wanda ya tsallake layi, musamman kai Nasiru da ba ka iya kallon rubutu sai a fuskar waya.

Ni da Mairo muna amare aka kawo mu unguwar nan ta wajen Kusugu, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun daga lokacin muke ciyayya, in na tuƙa tuwo sai kwano ya tsallaka, in ta dama kunu sai ƙwarya ta tsallako. Da mazajenmu suka rasu, Allah ya rufa mini asiri da abin da mahaifinku ya bari da kuma ku, ita kuwa aka bar ta da tabarma da buta da 'ya ɗaya mai aure a Sandamu. Ciyayyar ta koma ta hannu ɗaya, amma ko sau ɗaya ban bari ta ji haka ba. Matsalata guda ce, kuma kowace mace a Daura ta san ta: in azumi ya kama, kwano ba shi da gida. Ka zuba abinci ka aika gidan wane, su juye nasu a ciki su aika gidan wance, kafin Salla kularka ta zama ta wata mata a wata unguwa da ba ka taɓa takawa ba. Na yi mitar wannan har bakina ya gaji, kuma mitar ce ta jawo mini.

Ana saura kwanaki a ga wata Nasiru ya zo hutu daga Kaduna. Shi ne autana, kuma tun yana yaro ba ya barin rediyo ya kwana lafiya. Ya kawo mini wata jar kula babba mai kyan gaske, sannan ya ciro wani ɗan abu fari daga aljihu, kamar maɓallin riga amma ya ɗan fi shi kauri, ya kife kular ya manna shi a gindinta, ya rufe da baƙin salatif.

"Inna, daga yau kularki ta daina ɓata. Tiraka ke nan. Duk inda ta shiga a garin nan zan gan ta a wayata."

"Ido gare shi?"

"Ba shi da ido. Duk wayar da ta gifta kusa da shi sai ya yi mata raɗa, ita kuma ta sanar da tawa wayar inda ta gan shi."

"Au, ashe magulmaci ka kawo mini gida."

Ya yi ta dariya, ni kuwa ban yi ba. Tun a ranar hankalina bai kwanta da abin ba. Abin da ba ya ci, ba ya sha, ba ya barci, aikinsa kawai ya faɗi inda wani yake, wannan ai ko mutum ne ba a zama da shi. Amma ɗa ya kawo kyauta da murnarsa, ba ka watsa masa ƙasa a ido ba. Na sa kular ta zama ta gidan Mairo, tunda ita ce ta fi riƙe zafi.

Ba a yi nisa da azumi ba, wata rana bayan la'asar, na ga Nasiru ya tsura wa waya ido yana ɗaure fuska. Ya matso ya nuna mini wani ɗigo a kan zane-zanen hanyoyi. Ni ban iya karanta wannan taswira ba, shi ya yi mini bayani. Kular takan shiga gidan Mairo, ba ta ko zauna ta huta, sai ta fita ta ratsa gari ta tsaya can bayan kara, inda ake cinikin shanu. A can take shan ruwa, sai bayan isha'i ta dawo. Ya ce jiya haka, shekaranjiya haka. Na ce ƙarya abin yake yi, ai na gaya masa magulmaci ne. Ya ce na'ura ba ta ƙarya. Na ce to wanda ya ƙera ta fa, shi ma waliyyi ne? Muna cikin haka yayarsa Zulai ta shigo daga gidan mijinta, ta ji kan zancen, ta dafe ƙirji.

"Bayan kara? Inna, ai can ne masu sayar da abinci suke. Wallahi sayarwa take yi."

Nasiru ya ce, "Ni ma abin da na ce ke nan a raina."

Zulai ta rage murya. "In ma sayarwar ce da sauƙi. An ce akwai wani mai bugun ƙasa a lungun. Abincin hannunki ake kaiwa can kullum, Inna. Ruwa ba ya tsami banza."

Na kore su duka biyun, na ce zato zunubi ne ko ya zama gaskiya. Da baki na faɗa. A zuci kuwa tsutsa ta riga ta shiga goro. Na fara lura da abubuwan da da can ba na ko kallo. Mairo ta rame, wuyanta ya fito, alhali kullum ina aika mata tuwo da nama har da ƙosai. Kular tana dawowa da warin hayaƙin kashin shanu, ita kuwa da itace take girki. In na leƙa ta katanga gab da magariba sai in ga ƙofar ɗakinta a ja, takalmanta ba sa nan. Matar da ko bikin suna za ta sai ta ƙwala mini kira ta ce "Binta, na fita," yanzu ta koyi saɗaɗawa kamar mage. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Ba naman ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, a ce mutumin da ya san adadin tsummokaran da ke cikin adakata yana da wata ƙofa da ban san da ita ba.

Sai na yi mata tarko irin namu na mata. Ran nan na yi miyar kuka, washegari da hantsi na shiga gidanta na zauna muna tsince shinkafa.

"Mairo, yaya kika ji kuɓewar jiya? Ina jin kanwa ta ɗan yi yawa."

"Haba, ta yi daɗi ƙwarai. Yauƙinta ma daidai."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Wato ko buɗe kular ba ta yi. Na tashi na ce na bar wuta a murhu, na dawo gida na zauna a bakin gado ina ta saƙa da warwara. A irin wannan rana mutum yake neman babba, kuma ni babbana ɗaya ne a duniya, Yaya Sale, kawunku. Ku kun san shi da babbar riga da aljihu cike da alawa. Ni na san shi tun ranar da mahaifinmu ya rasu ya ɗauke ni ya goya, shi ya aurar da ni, shi ya ba mahaifinku shanun da ya fara fatauci da su. A Mashi in ya shiga kara sai dillalai su miƙe. Shekarar da kasuwar iyaka ta mutu aka kuma kore masa garke a daji, ga matarsa ta riga ta rasu, sai ya aiko mini cewa ya tafi Damagaram wajen wani amininsa zai sake kafa jari. Jefi-jefi yakan kira da baƙuwar lamba ya ce lafiya lau, kasuwa sai godiya, ya kashe kafin in gama gaisuwa. Ba ni da inda zan same shi. Don haka na yanke shawara ni kaɗai, na kira Nasiru na ce gobe zai kai ni bayan kara.

Washegari na zuba abinci na miƙa ta katanga kamar kullum. Muka ba ta rata, sannan na hau bayan babur ɗin Nasiru, abin da na daɗe ban yi ba, ina salati yana dariya. Ya riƙa tsayawa yana duba waya, yana cewa ga ta can ta sha kwana, ga ta ta tsaya. Da muka isa, kara ta watse, sai warin dabbobi da masu kunu da ƙosai suna ta shirin buɗa-baki a bakin hanya. Ɗigon ya nuna wani siririn lungu a bayan rumfunan. Na ce masa ya tsaya a bakin lungun ya riƙe babur, wannan maganar mata ce. Na ja mayafi na shiga ina dafa bango. Can ƙarshe akwai wani kango da aka kewaye da zana, ɗaki ɗaya a ciki, irin wanda makiyaya ke kwana in sun kawo shanu. Na hango takalman Mairo a bakin zanar. Na matsa, na shirya maganar da zan yaɓa mata. Sai na ji muryar namiji.

"Sannu da ɗawainiya, Mairo. Allah ya biya ki. Mutanen gida suna lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Yau ƙafar fa?"

"Da sauƙi. Ita Binta, gwiwar tata?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko a cikin kabari na ji wannan murya zan gane ta. Na sa ido a tsagar zana. Yana zaune a kan buhu yana alwala da wata tsohuwar buta, ƙafa ɗaya a kumbure an naɗe ta da tsumma, rigar jikinsa ta koɗe har ba a gane launinta. Mutumin da ya ciyar da rabin danginmu. Ga jar kulata a gabansa. Ƙafafuna suka ce in faɗa ciki in rungume shi in yi kuka. Amma na san yayana. Mutumin da ya gwammace ya ce yana wata ƙasa da a gan shi haka, in ya ɗaga kai ya ga ƙanwar da ya goya tsaye a kansa, to a daren zai ja ƙafar nan ya bar garin, kuma ba za a sake jin ɗuriyarsa ba. Ina cikin wannan sai na ji taku a bayana. Nasiru ne, ya gaji da jira, waya a hannu, babban yatsa a kanta.

"Inna, a nan take. Bari in danna ta yi ƙara, kowa ya ji, mu ga ƙaryar ɓoyo."

Ashe maɓallin har kuka yake yi in an matso kusa. Ban san ina da sauran ƙarfi ba sai ranar. Na damƙe wuyan hannunsa, na juya shi, na tura shi gaba har bakin lungu kafin ya samu damar leƙawa.

"Mu tafi gida."

"Me kika gani?"

"Na ga abin da na zo gani. Tayar da babur."

Ya dubi masu sayar da abincin nan, ya dube ni ina share ido da bakin mayafi, ya girgiza kai.

"Sayarwa take, ko? Na faɗa miki. Shekara da shekaru kina ciyar da ita."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Da na ce a'a, sai ya tambayi to mene ne, kuma Nasiru bai taɓa barin tambaya a rabi ba. Da ya gano, kafin sallar asuba Zulai ta ji, kafin azahar dangi na Mashi da na Kaduna sun ji, a zo a cika kangon nan da motoci da kuka da "haba Kawu." Ku a ganinku taimako ne. Shi a wurinsa tsirara ce a tsakiyar kasuwa. Aka kira salla muna kan hanya, na sha ruwa da hawaye a bayan babur.

Da safe na shiga gidan Mairo. Tana shara. Na karɓi tsintsiyar na jingine, na ce mata jiya miyar kuka ce ko kuɓewa. Ta dube ni, ta dubi idona da ya kumbura, ta nemi wuri ta zauna a ƙasa. Ta ce ta je bayan kara neman ƙashin miya mai araha ta ga Yaya Sale yana jan ƙafa zuwa masallaci. Ya sa ta rantse ba za ta gaya mini ba. Ba ta da abin ba shi sai abin da nake ba ta, don haka take kai masa, ta ce masa ita ta dafa, ita kuma ta sha ruwa da kunu da ɗan rogo. Na ce shi ya sa kika koma kamar kara. Sannan na gaya mata maganar maɓallin, da abin da yarana suka ɗauka, da shirun da na yi.

"Mairo, sunanki zai ɓaci a gidana. In na wanke ki, na tona shi."

Ta yi ɗan murmushi. "Suna ba ya jin yunwa, Binta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ki dai ƙara nama, ƙafar nan tana cinsa."

Ranar na sa wuƙa na ɓamɓare magulmacin daga gindin kula, na manna shi a ƙarƙashin turmi. Nasiru ya koma Kaduna yana duba waya yana ganin kula zaune a tsakar gida ba ta motsi, har ya kira ya yaba mini da na yi hankali na daina aikawa. Ni kuwa kula biyu na koma miƙawa ta katanga, ja ta bayan kara, ƙarama ta Mairo, azumi da bayan azumi. Na riƙa cusa maganin ƙafa da sabulu a ƙarƙashin marfi, ita ta san ƙaryar da take yi masa a kansu. In ya kira ni da baƙuwar lambar nan ya ce kasuwa sai godiya, sai in ce Allah ya ƙara buɗi, Yaya, a gaishe da mutanen Damagaram. In kashe wayar in kifa kai a kan gwiwa. Yana cikin garin nan, tafiyar da ko da gwiwata zan iya, amma ban sake ganin fuskarsa yana da rai ba. Wannan ne kuɗin da na biya, kuma har gobe yana yi mini ciwo.

Mairo ta biya nata. Kun daina gaishe ta. Zulai ta hana 'ya'yanta shiga gidan. Da aka zo bikin Nasiru, aka raba goro da alawa gida-gida aka tsallake ƙofarta, matar da ta dafa mini ruwan wankan jegonsa, ta goya shi lokacin da na kwanta ciwo. Na yi faɗa, kuka ce ni ce mai mantuwa. Ranar kamu tana jin guɗa ta katanga. Da yamma na miƙa mata kula kamar kullum, ta karɓa ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ta sa mayafi ta nufi bayan kara.

Wata safiya da damina ta yi sallama ta shigo, abin da ta daina yi saboda ku. Ta ajiye jar kular a gabana da nauyinta, ba a taɓa abincin ba.

"Binta, tashi ki sa mayafi."

Abin da aka gaya muku, cewa Kawu ya taso daga Damagaram ciwo ya kayar da shi a hanya, makiyaya suka sauke shi a bayan kara, ni da Mairo muka shirya labarin, makiyayin da ya ba shi ɗakin ya rufa mana. Kun yi masa jana'iza ta manya, mutanen Mashi suka cika unguwa, kowa na cewa falke ya mutu a kan hanyar nema. Haka yake so a ce, kuma haka aka ce. Bayan an share makoki na je na ce wa Mairo yanzu kam zan tara ku in wanke ta. Ta kama hannuna ta ce a'a.

"Mamaci ma yana da asiri. Ni na yi masa rantsuwa, ba ke ba. Ki bari sai na bi shi, sannan ki yi yadda kika ga dama."

Ta bi shi bara, bayan babbar Salla. Ni da 'yarta Hinde da matan unguwa muka yi zaman makoki. A cikinku babu wanda ya taka ƙofar. Zulai ta aiko cewa kanta na ciwo, Nasiru ya ce a waya Allah ya jiƙan musulmi, ya sako wata maganar. Na haɗiye, don a lokacin bakina ba zai iya ba, shi ya sa na sa a takarda.

Ba na cewa ku mugaye ne. Na'urar ma ba ta yi ƙarya ba, inda ta ce kular take, nan take. Iyakar abin da ta sani ke nan, sauran ku kuka cika da bakinku, ni ma na kusa cikawa. Yanzu kun san wanda ya ci tuwon, kun san wadda ta kwana da kunu. Hinde tana Sandamu, gidan mijinta yana bayan masallacin Juma'a, kowa ya san shi. Kada ku kira ta a waya, kada ku aika da saƙo. Ku je da ƙafarku ku durƙusa ku yi mata gaisuwar uwarta, ku gaya mata abin da kuka faɗa da abin da kuka karanta. Nasiru, kai za ka fara shiga.